Hannun Samanja a Bel Ɗina

Ni dai wauta ba koya na yi ba, da ita aka haife ni. Jiya ina tsallake gadar Jimeta, ƙarnin ruwa ya bugi hancina, sai na tuna Baffa, tsohon samanjanmu.

Bayan yaƙi aka ce za a sake fasalin birged ɗinmu, a haɗe bataliyoyi. Har rawa na taka, don an ce zan samu igiyar kofur. Shi kuwa sallama za a yi masa. Muna cikin kwalekwale a Binuwai, yana tauna goro, ya ce, "Gyaran yana da amfani, yaro, kwamandoji sun yi yawa. Amma za a raba mutanen da suka san juna."

Na ce, "Baffa, zaman gida kake tsoro!" Sojoji suka kwashe da dariya. Duk wannan fa hannunsa na riƙe da bel ɗina, don shi kaɗai ya san ina tsoron ruwa, kuma bai taɓa tona ni ba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya riƙe shi yadda shi Baffa ya riƙe ni. Da muka sauka a gaɓa, a hankali ya ce, "To a sabuwar bataliyar, wa zai riƙe ka?"