Turaren da Ya Bi Mahaifina Kabari

Edita, ina yi maka sallama. A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ta Zamfara, ni matar aure ce a Kaura Namoda, sana'ata haɗa turaren wuta. Ba yabon kai ba, hancina ba ya kuskure. Mace ta gifta ni sau ɗaya, zan faɗa maka ko hawi ta turara ko sandal. Ina ji da wannan baiwa fiye da kima, har nakan raina duk wanda ya yi mini maganar ƙamshi.

Mahaifina malami ne a Zurmi, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, don haka da ciwon ƙashi ya kwantar da shi, ni na koma gida jinya. An kai shi asibiti, an sha ƙwayoyi, amma tsohon nan nishi yake tun safe har yamma, ko zaman tahiya ya gagare shi. Wata rana na je kasuwar Shinkafi sarin kayan turare, sai dattijon da nake saya a wurinsa ya ga idona ya kumbura. Da na ba shi labari, ya rage murya ya ce akwai wani mai a jikin ganyen wiwi, shi ke ba shi ƙamshi, irinsa ne a ɓawon lemo da kanumfari da masoro. Ya ce wannan ƙamshin yana kwantar da ciwo, kuma ba shi ke bugarwa ba. Ya ƙunsa mini ɗan busasshen ganyen a leda. Na shinshina, na ji lemo-lemo, na ji ɗanyar ciyawa, can ƙarƙashi kuma wani wari kamar na ƙasar da aka haƙo yanzu. Na ce a raina ai wannan aikina ne, zan rufe shi da sandal ba wanda zai gane. Ban tsaya na yi tunanin cewa wuta ba ta zaɓen abin da za ta ƙona ba.

Na dake shi, na haɗa da sandal da sukari, na zuba a kwalba na tura ƙarƙashin gadonsa. Kullum da hantsi sai in sa a kasko in saki labule. Gaskiya nishin ya ragu, har barci ya fara samu. Sai dai ya shiga hira da mutanen da ba na gani. Yakan gaisa da abokan karatunsa da suka mutu tun ina yarinya, ya yi shiru yana sauraro, ya ba su amsa. Ni ma da nake zaune cikin hayaƙin, ina jin takun mutane a tsakar gida alhali kowa ya tafi gona. Rannan da rana tsaka ya kafe ƙofa da ido, ya ce, "Ga uwakki nan tsaye bakin ƙohwa, ta toshe hanci. Ɗiyata, mi kinka sa ga wanga turare?" Na ce masa lemo ne da kanumfari. Ya daɗe yana kallona, bai sake tambaya ba har ya bar duniya.

Wata rana da safe Allah ya karɓi abinsa. Ina can ɗakin mata ina kuka, gwaggona ta shiga neman abin da za a turara likkafani, ta laluba ƙarƙashin gado ta ci karo da kwalbar. Ta ce wannan shi Malam ya fi so, da shi za a sallame shi. Ta zuba da yawa, ta turara farin yadin nan har ya ƙoshi. Ina jin ƙamshin ya ratso tsakar gida na miƙe, amma an riga an suturta shi, maza sun ɗaga makara.

Yayana ne ya ba ni labarin sauran. Ya ce da aka ajiye gawa a rana don salla, zafi ya bugi likkafanin, sandal ya gudu, warin ganyen ya taso ya bi sahu-sahu. Lokaci ne da ake rufe gidajen giya, ake yi wa mashaya bulala a bainar jama'a, kowa hancinsa a buɗe yake. Samarin da ke sahun baya suka fara kallon juna. Waɗanda suka saka shi a kabari sun ce ko da suka wanke hannu warin bai bar su ba. Ba wanda ya yi magana a maƙabarta, amma kafin sadakar uku zance ya cika gari. Wasu suka ce Malam yana sha a ɓoye. Wasu suka ce Allah ne ya tona masa asiri ranar tafiya, wanda a wurinmu babu abin tsoro kamarsa. Ɗalibansa suka watse, suka daina cewa a wurinsa suka yi karatu. Ni kuwa na ja bakina na yi gum, ina tsoron kotu, ina tsoron aurena.

Daga baya wata ma'aikaciyar lafiya ta gaya mini maganar man ƙamshin gaskiya ce, masana suna kan bincikensa, amma ƙona ganyen daidai yake da sha, kuma da a kan lemo da kanumfarin na tsaya da babu abin da zai faru. Na bar sana'ar turare, don duk kaskon da na kunna warin haƙaƙƙiyar ƙasar nan nake ji.

'Yan'uwana masu jinya, na san yadda tausayi ke rufe ido. Kada ku ba majinyaci abin da ba za ku iya faɗa masa sunansa ba, kuma ku tambayi likita kafin ɗan kasuwa. In kun yi kuskure, ku faɗa tun masu ji suna raye. Ni sai yanzu bakina ya buɗe, bayan yawancin waɗanda suka tsaya a sahun nan sun bi shi maƙabarta ɗaya, kowannensu ya tafi da yaƙinin cewa mahaifina mashayi ne.