Mun Je Kallon Rumfar Sin, Na Gano An Rushe Zauren Kakana

Muna tsaye ƙarƙashin wata rumfar katako ta mutanen Sin a wani wurin shaƙatawa nan Riyad, 'yata Hafsa ta ƙi motsawa. Rumfar ja ce, bakin rufinta ya lanƙwasa sama, ga kifaye suna yawo a tafkin gabanta. Mai yi wa baƙi bayani ya ce wannan kwaikwayo ce kawai. Ta ainihin tana wani lambu a ƙasarsu, ta yi shekaru ɗaruruwa, har yau ana lallaɓa ta.

Hafsa a nan aka haife ta, ba ta taɓa zuwa gida ba. Ta ce, "Baba, ya'ani mu ba mu da irin wannan?"

Na ce muna da shi mana! Zauren kakana a Damagaram, mai zane a goshi, wanda ya gina da hannunsa. Nan take na kira ƙanena Sani ta bidiyo don ta gani da idonta.

Ya juya wayar. Sai bulo da ƙofar ƙarfe.

"Sani, ina zauren?"

"Haba Yaya, wannan tsohuwar ƙasar? Tun bara muka ture shi. Shagon cajin waya ne yanzu, ai ya fi kyan gani."

Ko a tambaye ni! Na tsaya nan ina kallon kwaikwayon ginin kakannin wasu, namu na gaske kuma an kwashe shi a amalanke an cike rami.

Hafsa ta ja rigata. "To ko hotonsa, Baba?"

Babu.

Don Allah ku gaya mini, me ya rage a gidanku da za ku nuna wa 'ya'yanku?