Dasashin Baba a Kwalba ta Bakwai

Ni na ja Baba zuwa wurin likitan haƙori. Tela ne a Sabon Gari, mai cin goro kamar ba gobe, ga turmin haƙorinsa na hagu ya ruɓe yana hana shi cin tuwo. A lokacin ina digiri na biyu a Samaru. Malamina ya dawo daga waje da wani aiki: a karɓo ɗan naman dasashi da ke biyo haƙorin da aka cire, a raine shi cikin kwalba har ya yaɗu, sannan a zuba masa ƙwayoyin cutar baki a ga yadda zai yi da su.

Na roƙi Baba ya ba ni nasa. Da auduga a bakinsa ya harare ni.

"Ke 'yar boko, har naman bakina za ki kai makaranta? Ɗauki, amma ki gaya masa ban yarda ya faɗi jarrabawa ba."

Kwalabe goma sha biyu muke da su, ba suna, sai lamba. Ni na rubuta bakwai a jikin tasa. Duk bayan kwana biyu nake canja musu wani jan ruwa da suke sha, in mayar da su akwatin ɗumi. Idan an ɗauke wuta, haba, ka ga gudu wajen janareta! Biyar suka mutu a wata guda. Ta Baba kuwa sai yaɗuwa take, zara-zara a ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyin halitta, kamar zaren da ya zube a ƙasan shago.

Ana haka Baba ya yanke jiki ya faɗi a kan kekensa na ɗinki. Hawan jini, aka ce.

Bayan sadakar bakwai na koma. Na buɗe akwatin, na ɗora kwalbar a madubi, na leƙa. Wallahi ƙwayoyin naman Baba suna nan da ransu, har sun ƙaru. Na canja musu ruwa. Ban gaya wa Inna ba. In ce mata me? Mijinki na Samaru yana jiran abinci?

Sauran shidan duk na zuba musu cutar, na rubuta sakamako. Ta bakwai na yi ta ƙirƙiro mata dalili: yau ba ta cika ba, gobe ruwan bai yi ba. Malam bai san ta wane ne ba, kuma shi ba ya son wasa da aiki. Wata Litinin ya leƙa madubin da kansa.

"Me kike jira? Sun fara tsufa. Mako biyu nan gaba ko ba ki taɓa su ba za su mutu a banza. Ki zuba yau."

Na ji haushinsa kamar in kife teburin, don gaskiya ya faɗa. Bayan azahar na ɗebo ƙwayoyin cutar, na yi bismilla, na ɗiga.

Yinin farko ba su ja da baya ba. Malam ya duba ya ce, "Kai, wannan mai taurin kai ne." Na fita bayan ginin na yi kuka na ƙoshi. Washegari suka soma tsukewa, suna dunƙulewa, suna sakin gindin kwalbar ɗaya bayan ɗaya, suna yawo a ruwan. Aikina ne in ƙirga, na kuwa ƙirga. Kafin la'asar ta kwana na uku babu ko ɗaya a manne.

Ranar da ya faɗi a shago ina Samaru, kafin in samu mota har an kai shi makwancinsa. Waccan mutuwar labarinta aka ba ni. Wannan kuwa da hannuna na kawo ta, na ja kujera na zauna, na kalle ta tun daga farko har ƙarshe.