Tsuntsun da Na Manta Sunansa

Idan sanyi ya kama a gidanmu na Ƙofar Ƙwaya, kakata Inna Delu takan zuba garwashi a kasko bayan magariba, mu zagaye ta muna jin ɗumi. Tatsuniyoyinta duk suna da ƙarshe, ban da guda ɗaya, kuma ita ce ta fi ba ni haushi.

Wai wani manomi ne tsuntsaye suka dame shi da cin gero, ya yi ta jifa da zagi har suka yi fushi suka bar masa garin. Da damina ta zagayo, fara da tsutsa suka cinye gonar tas, babu mai tsince su. Ya bi tsuntsayen har bakin wani tafki yana ba su haƙuri. Belbela ta ce za su koma, amma sai ya kira kowa da sunansa. Ya kira kurciya, ya kira hankaka, sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

Nan Inna take yanke tatsuniyar. In na matsa mata, sai ta ce, "Kai maigida, saurin mi kake? Gobe mu tahi gona ka taya shi kira."

Da hantsi kuwa za ta tasa ni gaba zuwa gonarta a bayan gari. An gama girbi, shanun Fulani na kiwo cikin kara, mata na sussuka. Tana tafe tana nuna mini: ga carki bisa doron saniya, ga fakara ta tashi daga ciyawa. Ni kuwa faso na damuna, hankalina yana wajen ƙwallon da abokaina ke bugawa. "To" kawai nake cewa.

Bara da sanyi, shekaru bayan rasuwar Inna, na ɗauki 'yata Hafsatu ta ga wurin. Gonar ta zama fulotai, bulo ko'ina. Muka yi ta tafiya har ta fara ƙorafi, sannan muka iske wani lambun albasa. Kan shinge ga ɗan tsuntsu mai jan ƙirji da dogon bindi. Hafsatu ta tambaye ni sunansa. Na san Inna ta taɓa nuna mini shi, har yatsanta nake gani, amma sunan ya ƙi zuwa. Na tambayi mai lambun, ya ce shi ma tsuntsu kawai yake ce masa.

Hafsatu ta ɗauki hotonsa da wayata, wayar ta ba ta suna da Turanci. Tana karanta mini tana murna, ni kuwa raina a ɓace har gida. Ba da ita nake ba. Tsohuwa ta sha sanyi ta ba ni abu kyauta, na ƙi karɓa, ga shi an tambaye ni.

Yanzu in na shiga Babbar Kasuwa nakan nuna wa dattawa masu sayar da hatsi hoton. Su karɓa, su kai shi kusa da ido, su daɗe suna kallo. Kowa sai ya ce ya san shi, a bari ya tuna.