Sifirin da Yaya Ya Sauya

Yayana ya sayar da gonar da ya gada a Kafin Dafga ya sayi injin niƙa, tsoho, mai shan gas, da ƙatuwar tayar ƙarfe a gefensa. Tun daga ranar ba shi da wata hanyar abinci sai shi. Ni a Rogo Ruma nake koyarwa, sai ƙarshen mako nake zuwa in zauna a rumfarsa, mata na jiran layi da ƙoransu na dawa.

Injin ba shi da laifi sai ɗabi'a guda. Da an juye hatsi sai muryarsa ta ɗan yi ƙasa, ya ci gaba da aiki a haka, in hatsin ya ƙare ya koma yadda yake. Wannan ɗan sassaucin ne ya tsaya wa Yaya a rai. Shi ko masallaci za shi, sai ka ce korar sa ake yi.

"Malam, ka ji ragon nan?" ya ce da ni. "Ɗan abin da bai cika ƙwarya ba, har ya fara nishi."

Wata Asabar ya buɗe murfin gefe ya nuna mini abin da makanikai ke kira gwamna. Dunƙulen ƙarfe ne biyu da ke juyawa tare da injin. In gudu ya ƙaru sai su buɗe, su tura wata siririyar sanda ta rage mai. In gudu ya ragu sai wani sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya mai miƙewa ta koma, ya jawo su ciki, mai ya ƙaru. A ganin Yaya sifirin ɗin ne ya cika tauri, shi ya sa ƙarafan ba sa amsawa da wuri. Ya samo dogo mai laushi a kasuwar Ƙaraye, ya ɗaure shi tamau har gudun ya dawo daidai. Tsohon kuwa ya miƙa wa 'yan gwangwan.

Abin da ya shige mana duhu, ni da shi, shi ne da wannan ɗan sassaucin ƙarafan ke samun wurin tsayawa a tsaka-tsaki. Da sifirin mai laushi ba su da matsaya. Gudu ya ɗan ragu su rufe gaba ɗaya, mai ya kwarara, injin ya zabura. Sai su buɗe gaba ɗaya, mai ya yanke, ya yi kamar zai mutu. Haka yake yini, ya hau ya sauka. Gari ya riƙa fita rabi laushi rabi tsaki, mata suka fara ɗaukar hatsinsu zuwa Kwanyawa.

"Yaya, da an nemo irin tsohon an mayar," na ce.

"Kai dai riƙe allinka. Sabo ne bai yi ba tukuna."

Bai kai ga sabawa ba. Ana gab da damina, a ɗaya daga zaburar nan bel ɗin da ke juya dutsen niƙan ya suɓuce, injin ya ruga ba kaya a kansa, sandar fistin ta karye ta fasa cikinsa. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Makaniken da aka ɗauko ya leƙa, ya ce sai dai a auna a kilo.

Da ruwa ya sauka na biyo ta hanyar tsohuwar gonarsa a kan babur. Sabon mai ita ya zuba 'yan ƙwadago suna noman gyaɗa, sun jeru kunya kunya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don tun daga nesa na gane Yaya a cikinsu. Ya ba sauran rata mai yawa. Na tsaya na yi masa barka da aiki, ya amsa bai ɗago ba.