Baba Andarawus, Mai Kyautar da Kwastomominsa

Kullum da sassafe, kafin mata su gama cinikin kifi a bakin ruwan Yelwa, Baba Andarawus ya share ƙofar shagonsa, ya wanke burushi, ya zauna jiran yaransa masu koyon sana'a. Mai zane ne: allunan shaguna, sunayen jiragen ruwa, tambarin kwalin kifi. Kwamfuta kuwa, yakan ce yaran ne suka koya masa, kuma har yau tsoronta yake ji.

Inda ya bambanta da sauran iyayen gida shi ne wajen yaye yaro. Wasu addu'a za su yi maka su sallame ka. Shi sai ya zaɓi kwastoma guda cikin nasa ya ba ka, ya kuma haramta wa kansa aikin mutumin har abada. Matarsa ta yi faɗa har ta gaji.

Da aka zo yaye Bilkisu, sai Baba ya ba ta Alhaji Bashir mai jiragen Wara. Tirƙashi! Alhaji ya ce bai san wannan zance ba, shi Baba yake so. Ga Bilkisu ta riga ta kama shago, innarta kuma ta ce in sana'ar ba ta karɓe ta ba, ta dawo gida su ci gaba da suyar kifi.

"Alhaji, na cire hannuna daga jiragenka," in ji Baba. "Ga mai su nan."

Da ƙunƙuni Alhaji ya ba da jirgi ɗaya na gwaji. Bilkisu ta tsara sunan jirgin da shuɗi, gwanin kyau a kwamfuta. Baba ya hango matsalar, kuma gyaran bai fi ƙarfin yatsansa ba, amma ya bar mata abinta. Ya sa ta rataya allon gwaji a jikin jirgin, ya ari kwalekwale, suka yi nisa cikin ruwa.

"Ɗiyata, karanta mini."

Ina! Shuɗin ya saje da ruwa, ko harafi ba a gani. Ta yi kuka, ya bar ta ta yi abinta, sannan ya juyo da kwalekwalen. Da kanta ta sake aikin da rawaya mai baƙin gefe. Yau duk jiragen Alhaji ita ke zana su, har yana musun cewa ya taɓa ƙin ta.

Baba, kai ne ka san cewa baiwa ba ta tsayar da yaro sai an ba shi wanda zai yi wa aiki. Kai ne ka riƙa rage tuwon gidanka don shagunan wasu su tsaya, daga Shanga har Ngaski. Gaskiya raina ya sosu da na ji watan jiya ka miƙa wa yaronka Jacob kwastomanka na ƙarshe, saboda idanu sun fara gajiya.

Mun gode, Baba, Allah ya saka. Ku kuma iyayen gida masu riƙe yaro har ya yi furfura yana wanke muku burushi, ku leƙo Yelwa ku gani.

Da yamma za ku same shi a bakin ruwa. Ba ya gane fuskar mai gaishe shi sai ya ji murya. Amma da jirgin Wara ya ɓullo can nesa, sai ya nuna da sanda ya ce, "Wancan rawayan, na Bilkisu ne."