Telan Bushiya da Layin Masu Sabuwar Haihuwa

Dewey Tackett bai taɓa tuƙa jirgin sama ba, kuma abin bai taɓa ba shi sha'awa ba. Shi tela ne. A rundunar jiragen yaƙin sojan ruwa da ake wa laƙabi da Bushiya, shi ke naɗe lemar da matuƙi zai dira da ita in jirgi ya ƙi, shi ke duba rigar ceto da hular kwano. Wanda wandonsa ya yage ma wurinsa yake zuwa, kansa a sunkuye.

Rundunar ta girme shi nesa ba kusa ba. An kafa ta lokacin yaƙin duniya na biyu da jirage masu farfela, ta je Koriya, ta je Vietnam, an canza mata jirage har an gaji. Manyan jiragen ruwan da suka goya ta a da, wasu tuni an yayyanka su an sayar da ƙarfen. Sunan ne kawai ya ƙi motsi. Wasu rundunonin sun zaɓi zaki da gaggafa, su kuwa wani ya zauna ya zaɓo musu bushiya, har yau ba a san ko a buge yake ba.

Daga duwatsun Kentucky Dewey ya fito. Ubansa mahaƙin kwal ne, tari ya kashe shi, uwarsa ce ta koya masa keken ɗinki. Da ya tasa sai ya ga gara teku da rami. Sojan ruwa ba sa barin mutum wuri guda, amma duk inda aka jefa Dewey sai ya san yadda ya yi ya komo Bushiya. Da su ya je Bahar Rum, da su ya yi yaƙin Kuwait daga Bahar Maliya, da su ya yi shawagi a gaban Bosniya. Ka tambaye shi yadda wuraren suke, sai ya ɗaga kafaɗa. Shagonsa ba shi da taga, yana can cikin jirgin ruwa ƙarƙashin filin da jirage ke sauka, kowanne ya dira sai kofin gahawarsa ya yi tsalle. Yakan gane an shiga yaƙi ne idan matuƙa suka zo karɓar kaya ba su zolaye shi ba.

To, a nan Norfolk, tashar ruwan da jirginsu ke dawowa gida, akwai al'ada. Ranar da jirgin ruwa ya dawo bayan watanni a teku, waɗanda aka yi wa haihuwa ba sa nan su ne ke fara sauka. Ana jera su layi guda, kowa da fure a hannu, dubban mutane na jira a bayansu. A ƙasa kuma an kafa wa masu jego rumfa ta musamman a gaba. Al'ada ce mai kyau, amma ba a taɓa tunanin irin su Dewey ba da aka kafa ta.

Shi da matarsa Marlene sun haura shekara ashirin da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Sun je asibiti har likitoci sun san su, daga baya suka haƙura. Saboda haka duk ranar dawowa Dewey kan karɓi aikin da kowa ke gudu, wato tsayawa a sauke akwatunan runduna. Shi ne na ƙarshen sauka. Yaran rundunar suna cewa tsohon akwai kirki, kuma gaskiya ne yana da kirki, amma ba shi ya sa ba. Ba ya iya kallon layin nan ne, zuciyarsa ciwo take yi.

Sun daɗe da neman a ba su riƙon yaro ta hanyar hukuma, har sun cire rai. Sai a tafiyarsa ta ƙarshe, lokacin yaƙin Iraƙi, suna Tekun Fasha, saƙon Marlene ya iso. Wata yarinya da ba ta da halin riƙe abin da ta haifa ta zaɓe su. Mace ce, an sa mata Ruthie, tana gida. Alƙali dai ba zai rufe maganar ba sai Dewey ya dawo ya sa hannu.

Mutum ɗaya ya gaya wa, Cif Hollis Broussard, shugaban makanikai, wani ƙaton ɗan Louisiana mai baki kamar gidan rediyo. Ya roƙe shi ya rufe bakin, abin mamaki kuwa ya rufe. Dewey na tsoron ya yi murna a fili a zo a ce uwar ta sake shawara. Yana kuma jin kunyar wani abu da bai iya faɗa ba, gani yake kamar zai ci abin da bai noma ba.

An ƙara musu watanni a teku, sannan aka juyo gida. Ana gobe isowa matuƙa suka tashi da jiragensu suka riga kowa, kamar kullum, suka bar makanikai masu datti da kaya. Da hantsi jirgin ruwan ya jingina da gaɓa. Lasifika ta ce duk wanda aka yi wa haihuwa ya hallara a bakin gadar sauka. Dewey na can cikin akwatuna yana ɗaure igiyar da ya riga ya ɗaure.

Sai ga Cif Broussard. “Kai, Tela! Kurma ne kai? Ba ka ji kira ba?”

“Na ji, Cif. Ba da ni ake ba.”

“Da wa ake? Da kakata?”

“Masu haihuwa aka ce. Ni ban haifa ba, ba ni aka yi. Alƙali ma bai gama ba.”

“Ji wani zance! Yaran can da ke layi, su suka yi naƙudar? Suna nan tare da mu suna cin wake suna minshari. Mene ne suka yi da ba ka yi ba?”

“Cif, ka sani.”

“Wannan kuwa ba aiki ba ne, kowane sakarai ya iya. Matarka na ƙasa tun asuba da jaririya a hannu. So kake ta tsaya a rumfar nan, kowace mijinta ya zo, ita kaɗai ta rage? Sai ta ce da su me, yana tare da akwati?”

Wannan ce ta shige shi. Duk watannin nan kunyarsa kawai yake aunawa, bai taɓa hango Marlene ita kaɗai a rumfar ba. Ya saki igiyar.

“Akwatunan fa?”

“Na gan su. In sun gudu zan kamo su. Gyara hularka, ta karkace kamar ta ɗan tasha.”

Layin duk yara ne, wasu ko gashin baki bai gama fito musu ba. Dewey ya tsaya a ƙarshe da furfurarsa, yana jin ana juyowa ana kallonsa. Wata hafsa ke raba furanni, tana tambayar kowa abin da aka samu. Da ta zo kansa ta yi murmushi.

“Jika aka yi maka? Ka yi haƙuri, layin nan na iyaye ne.”

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ƙafarsa har ta fara ja da baya, don abin da ya yi wata da watanni yana tsoro ke nan. Sai ya dake.

“Ba jika ba ce, ranki ya daɗe. ’Yata ce. Sunanta Ruthie.”

Bai taɓa faɗar haka da bakinsa ba sai ranar. Hafsar ta nemi afuwa ta miƙa masa furen. Wani yaron Bushiya da ke gaba ya ji, ya kwarma ihu, “Jama'a, Tela ya yi ’ya!” Kafin a buɗe gada labari ya zagaye, ’yan rundunar da ke sama suna fito suna kiran sunansa.

Ya sauka. Badujala na tashi, yaran sun sheƙa da gudu, shi gwiwarsa ba ta ba shi dama ba. Marlene na tsaye a gefen rumfa, ta fi duk matan shekaru, idonta ya yi ja. Jaririyar na barci a kafaɗarta, duk hayaniyar nan ba ta tashe ta ba. Dewey ya tsaya a gabansu ƙiƙam kamar yana gaban kwamanda, ya rasa inda zai sa furen.

“Marlene,” ya ce, “ko zan iya ɗaukarta?”

Ta yi dariya, hawaye na zuba. “Izinin wa kake nema, Dewey? Karɓi ’yarka mana, hannuna ya gaji.”